Evarts Graham: Likitan da ya fito da matsarmama a hoto, ya cire huhu, taba ta yi ajalinsa

Duk wanda likita ya taɓa turawa sashen ɗaukar hoto saboda ciwon da ke sokar sa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya san ƙa'idar da ake gindaya masa: kada ya ci komai tun daga dare har a gama hoton da safe. Ƙa'idar ta haura shekara ɗari, kuma asalinta yana komawa ga wani ɗakin gwaji a birnin St. Louis na Amurka, inda Farfesa Evarts Ambrose Graham da wani matashin likita da ke ƙarƙashinsa suka fara fito da matsarmamar mai rai a hoton eksire. Wannan ɗaya ne daga manyan ayyuka huɗu da ake tuna Graham da su. Sauran su ne ceton sojoji masu mugunya a ƙirji, cire huhu guda sukutum daga mai sankara, da tabbatar da alaƙar taba sigari da sankarar huhu, cutar da ta zama ajalinsa.

Tasowa da neman ilimi

An haifi Graham a birnin Shikago ranar 19 ga Maris, 1883. Mahaifinsa, David Graham, likitan tiyata ne kuma malami a Kwalejin Likitanci ta Rush da ke birnin. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Princeton, ya kammala a 1904, sannan ya dawo gida ya karanta likitanci a Rush, ya fita a 1907.

A wancan zamani likitan tiyata da hannunsa ake auna shi: saurin yanka da tsabtar ɗinki. Graham ya ɗauki wata hanya da abokan sana'arsa suka ga kamar ɓata lokaci ce, domin ya kwashe shekara biyu yana karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Shikago. Daga cikin abubuwan da ya bincika tun yana matashi har da yadda kulorofom, maganin sa barcin da ake tiyata da shi a lokacin, ke lalata hanta. Sanin sinadarai da sanin hanta su ne jarin da ya ci ribarsa bayan shekaru. A 1916 ya auri Helen Tredway, wadda ita ma masaniyar sinadarai ce, kuma daga baya ta zama farfesar ilimin magunguna.

A 1915 ya koma garin Mason City na jihar Iowa ya kama aikin asibiti mai zaman kansa. Abin da ya tarar a can ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa. Likitocin da ke tura maras lafiya wurin mai tiyata suna karɓar kasonsu daga kuɗin aikin a ɓoye, ba da sanin maras lafiyan ba. Sakamakon haka, wanda ya fi ba da kaso mai tsoka shi ke samun aiki ko da bai fi iyawa ba, kuma akan yanka mutanen da ba su buƙatar yanka. Graham ya ƙi shiga wannan ciniki.

Sojojin da tiyata ke kashewa

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, Graham ya shiga rundunar likitocin soja. A barikokin horo, ƙyanda da mura sun bazu cikin kuratan sojoji, sai ciwon huhu ya biyo baya, sannan mugunya ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji. Maganin da littattafai suka koyar shi ne a yanke ɗan haƙarƙari a buɗe ƙirji da gaggawa domin mugunyar ta fita. Kusan 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa haka suna mutuwa, a wasu barikoki ma adadin ya zarce haka nesa, wasu kuwa ko awa guda ba sa kaiwa bayan aikin.

A 1918 aka sa Graham cikin kwamitin da rundunar ta kafa kan matsalar, aka tura shi barikin Camp Lee a jihar Virginia. Tare da abokin aikinsa Richard Bell suka yi gwaje-gwaje a kan karnuka, suka gano inda gizo ke saƙa. Huhu yana buɗewa ne saboda ƙirji rufaffe ne. Idan mugunya ta daɗe ta yi kauri, jiki kan gina mata katanga, huhun ya manne da bangon ƙirji, saboda haka buɗewar ba ta da haɗari sosai. Amma ƙwayar cutar da ta addabi sojojin ruwa tsinke take tarawa tun ciwon huhun yana kan ganiyarsa, babu katanga babu mannewa. Da an huda ƙirji sai iska ta kutsa, huhun ya lotse, matsin ya shafi ɗaya huhun, mutumin da dama numfashinsa da ƙyar yake fita sai ya ƙarasa.

Shawarar kwamitin ita ce a riƙa zuƙe ruwan da allura ba tare da barin iska ta shiga ba, a jinkirta buɗe ƙirji har ciwon huhun ya lafa, a kuma ciyar da maras lafiya sosai. A Camp Lee mace-macen suka sauko zuwa kusan 4 cikin 100. Daga nan aka tura Graham Faransa ya shugabanci wani asibitin soja.

St. Louis da matsalar matsarmama

A 1919, yana da shekara 36, Jami'ar Washington da ke St. Louis ta naɗa shi farfesan tiyata kuma babban likitan tiyata na Asibitin Barnes, muƙamin da ya riƙe har 1951. Ya karɓi aikin bisa sabon tsari na cikakken lokaci: albashi daga jami'a, koyarwa da bincike da duba marasa lafiya, ba tare da aljihunsa ya dogara da yawan waɗanda ya yanka ba.

Hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895 yana nuna ƙashi ne saboda ƙashi na tare hasken, tsoka da kitse kuwa yana ratsa su kusan bai ɗaya, sai su fito a hoto kamar hazo. Tun da wuri likitoci suka fahimci cewa dabarar ita ce a cika gurbin da ake son gani da abin da ya bambanta da naman da ke kewaye da shi. Ciki da hanji sun zo da sauƙi, tunda ana iya shayar da mutum kunun bismut, daga baya na bariyom. Gaɓoɓi ma an samo musu hanya: a 1905 likitoci a Turai suka fara hura iska cikin gwiwa da allura domin guringuntsi ya fito a hoto. A 1918 Walter Dandy ya yi amfani da iska wajen nuna kogunan ruwan ƙwaƙwalwa.

Matsarmama ta gagara. Jaka ce ƙarama da ke maƙale a ƙarƙashin hanta, abin da aka haɗiye ba ya bi ta cikinta, allura kuma ba ta isa gare ta ba tare da haɗari ba. Duwatsun da ke taruwa a cikinta, ɗaya ko biyu cikin goma ne kawai ke fitowa a hoton eksire. Likita kan saurari koken maras lafiya, ya danna cikinsa, ya yi hasashe, sannan ya buɗe. Wani lokaci a sami duwatsu, wani lokaci a tarar da matsarmama lafiya lau bayan an riga an tsaga cikin mutum, a zamanin da babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Graham ya haɗa wasu sanannun abubuwa guda uku da ba wanda ya haɗa su kafin shi. Na farko, a 1909 John Abel da Leonard Rowntree sun nuna cewa hanta tana tace wani sinadari na dangin finolftalin daga jini ta zubar da shi cikin ruwan matsarmama. Na biyu, a 1921 Peyton Rous da Philip McMaster sun nuna cewa matsarmama tana tsotse ruwa daga abin da hanta ta aiko mata, ta kaurara shi har kusan ninki goma. Na uku, aidin da buromin sinadarai ne masu nauyi da ke tare hasken eksire. Idan aka ɗaura aidin ko buromin a jikin wancan sinadari aka zuba shi a jini, hanta za ta kai shi matsarmama da kanta, matsarmama ta kaurara shi, inuwarta ta fito a hoto. Kamfanin sinadarai na Mallinckrodt da ke St. Louis ya haɗa masa nau'o'in da ya nema, shi kuma ya damƙa gwajin a hannun Warren Cole, matashin likita mai neman ƙwarewa a sashensa.

Karen da aka manta da shi

Cole ya shafe watanni a 1923 yana yi wa karnuka da zomaye allura yana ɗaukar hoto, dabba bayan dabba, ba tare da inuwar komai ta fito ba. Ana cikin haka, a ƙarshen shekarar, hoton wani kare ya fito da matsarmama fara tas. An sake gwadawa da wasu karnukan, da sinadari iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya, ba a ga komai ba. Cole ya bi diddigin abin da ya bambanta wannan kare da sauran, har ya kai ga mai kula da dabbobin, wanda ya amsa cewa a ranar ya manta bai ba shi abinci ba.

Mantuwar ta warware matsalar. Idan abinci, musamman mai maiƙo, ya isa farkon hanji, matsarmama takan matse ta juye abin da ke cikinta. Karnukan da aka ciyar suna zubar da sinadarin tun bai taru ba, mai yunwar kuwa ya riƙe nasa har ya yi kauri. Sai a 1928 Andrew Ivy da Eric Oldberg suka gano sinadarin jiki da hanji ke saki domin umartar matsarmama ta matse. Da Cole ya tsaya ga tsawata wa ma'aikacin, ko da ma'aikacin ya ɓoye kuskurensa don tsoron hukunci, da aikin ya ƙara jinkiri.

A watan Fabrairu na 1924 Graham da Cole suka wallafa rahoton farko a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka. Farkon abin bai zo wa marasa lafiya da daɗi ba: allurar tana jawo jiri, amai da ciwon jiki. Tare da Glover Copher da likitan hoto Sherwood Moore suka yi ta sauya sinadarin, suka koma ga mai aidin, kuma zuwa 1925 an fara ba da shi ta baki. Hoton yana ba da amsa iri uku. Idan inuwar ta fito sumul, matsarmama na aiki. Idan ta fito da ɗigo-ɗigon duhu a ciki, duwatsu ne suka tare wa rinin wuri. Idan kuma ba ta fito ba sam, alhali hanta lafiya take kuma rinin ya shiga jini, to bakin jakar ya toshe ko bangonta ya lalace har ba ya iya kaurara ruwa. Gwajin yana nuna siffar gaɓar da kuma ingancin aikinta a lokaci guda, abin da hoton eksire bai saba yi ba. Iyalan Mallinckrodt suka ba da kuɗin gina cibiyar nazarin hoton asibiti a jami'ar, wadda aka buɗe a 1931 kuma tana aiki har yau.

Abin da ya biyo baya

Hanyar Graham tana nuna jakar, amma ba ta nuna siraran magudanan da ke ɗaukar ruwan daga hanta zuwa hanji yadda ya kamata, kuma ba ta aiki ga mai shawara, tunda hantarsa ba ta iya fitar da rinin. Dutsen da ya maƙale a babbar magudana kuwa shi ne mai kisa. A farkon shekarun 1930 Pablo Mirizzi na birnin Kordoba a Ajantina ya fara zuba rini mai aidin kai tsaye cikin magudanar ana tsakiyar tiyata, a ɗauki hoto kafin a rufe ciki, domin kada a bar dutse a baya. A 1937, a birnin Hanoi, Pierre Huard da Do Xuan Hop suka soka allura ta fata zuwa cikin hanta suka zuba rinin daga sama. A 1968 William McCune da abokan aikinsa a Amurka suka bi ta baki da bututu mai haske har zuwa inda magudanar ke buɗewa a hanji, suka tura rinin daga ƙasa, hanyar da a yau ake cire duwatsu da ita ba tare da an tsaga ciki ba. A ɓangaren gaɓoɓi, Knut Lindblom na Suwidin ya kyautata hoton gwiwa da rini mai aidin a shekarun 1940, kuma har yanzu ana zuba rini a kafaɗa ko ƙugu kafin hoton maganaɗisu idan ana neman ƙaramar yagewa.

Gwajin Graham da Cole ya yi sarauta kusan shekara hamsin. Daga ƙarshen shekarun 1970 na'urar sikanin mai aiki da sauti ta karɓe matsayinsa, domin ba ta buƙatar rini kuma ba ta da haɗarin haske. Ƙa'idar yunwa dai ta tsira, saboda matsarmamar da ta juye ba ta ganuwa da kyau a kowace na'ura. Wannan fanni ya shafi Najeriya kai tsaye, ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar sikila. Saurin fashewar jajayen ƙwayoyin jini yana cika ruwan matsarmama da launin da ke daskarewa ya zama duwatsu, shi ya sa ake samun su ga masu sikila tun suna yara, kuma ciwon cikinsu kan rikita likita tsakanin tashin cutar da toshewar magudana har sai hoto ya raba gardama.

Huhu guda

A 1933 wani likitan mata daga birnin Pittsburgh, James Gilmore, mai shekara 48, ya zo St. Louis da sankara a huhunsa na hagu. Kafin ranar aiki ya koma gida ya sayi filin kabari, ya kuma je aka cike masa haƙoransa da suka rube. Ranar 5 ga Afrilu Graham ya buɗe ƙirjinsa da niyyar cire sashe ɗaya na huhun, sai ya tarar cutar ta kai ga babbar hanyar iska, yadda cire sashe ba zai wadatar ba. Kafin wannan rana an cire huhu a Jamus da Amurka saboda wasu cututtuka, mataki-mataki, amma ba wanda ya rayu bayan an cire masa huhu guda a zama ɗaya saboda sankara. Abin tsoron shi ne zuciya ta tsaya idan aka ɗaure babbar jijiyar da ke kai jini huhun. Graham ya matse jijiyar na ɗan lokaci yana lura da bugun zuciya da hawan jini, da ya ga ba su sauya ba sai ya ɗaure, ya cire huhun, ya kuma cire wasu haƙarƙari domin bangon ƙirji ya rufe gurbin. Gilmore ya warke, ya koma aikinsa na karɓar haihuwa sama da shekara ashirin.

Masu rubuta tarihinsa sun yarda cewa Graham bai kai wasu takwarorinsa laushin hannu a ɗakin tiyata ba, kuma mutum ne mai tsanani da ba a cika sakewa a gabansa ba. Ƙarfinsa yana wurin fahimtar yadda jiki ke aiki da kuma gina hukumomi. Shi ne editan farko na mujallar tiyatar ƙirji da aka kafa a 1931. A 1937 ya jagoranci kafa hukumar da ke jarraba likitocin tiyata na Amurka tana ba su shaidar ƙwarewa, ya zama shugabanta na farko, domin kafin nan duk mai takardar likita yana iya ɗaukar wuƙa. Ya shugabanci Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka, inda ya yi amfani da kujerarsa wajen yaƙar rabon kuɗin ɓoye da ya gani a Mason City, da kuma al'adar da wani likita ke karɓar kuɗi wani daban ya yi aikin bayan maras lafiya ya yi barci. Wannan ya jawo masa baƙin jini a wurin abokan sana'a da dama. A 1942 Birtaniya ta ba shi lambar girmamawa ta Lister.

Taba

Graham mashayin sigari ne na gaske tsawon shekaru. Lokacin da Alton Ochsner, wanda ya yi karatu a St. Louis, ya fara danganta yawaitar sankarar huhu da taba a ƙarshen shekarun 1930, Graham ya mai da abin raha, yana nuni da cewa cinikin safar mata ma ya ƙaru a daidai wannan lokaci. A 1948 wani ɗalibin likitanci, Ernst Wynder, ya nemi izinin yi wa marasa lafiyar sashensa tambayoyi kan shan taba. Graham bai gaskata hasashen ba, amma ya ba shi izini, ya kuma taimaka masa da samun kuɗi da haɗa shi da wasu asibitoci.

Sakamakon ya fito a watan Mayu na 1950, da sunayen su biyu, kan mutum 684. Cikin maza 605 masu sankarar huhu, sama da 96 cikin 100 masu shan taba ne sosai, waɗanda ba su sha kuwa ba su kai 2 cikin 100 ba, alhali a sauran marasa lafiyar asibiti marasa shan taba sun kusa 15 cikin 100. Bayan 'yan watanni Richard Doll da Bradford Hill suka fitar da irin wannan sakamako a Ingila. Masu musu suka ce lissafi ba hujja ba ne, sai Graham da Wynder da Adele Croninger suka tara dauɗar hayaƙin sigari suna shafa wa ɓeraye a baya. A 1953 suka ba da rahoton cewa kusan rabin ɓerayen sun kamu da sankarar fata. A watan Janairu na 1954 kamfanonin taba suka sayi shafuka a ɗaruruwan jaridun Amurka suna kwantar wa masu shan sigari hankali.

Graham ya sauya ra'ayinsa a bainar jama'a, ya kuma daina shan taba, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. A farkon 1957 wata mura ta ƙi sakinsa, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ga sankara a huhu biyu, yadda aikin da ya ƙirƙiro ba zai amfane shi ba. Ya rubuta wa Ochsner da Wynder yana sanar da su halin da yake ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Cikin waɗanda suka zo duba shi har da Gilmore. Ya rasu a St. Louis ranar 4 ga Maris, 1957, saura kwana 15 ya cika shekara 74. Gilmore ya rayu har 1963, shekara 30 bayan tiyatar, da huhu ɗaya. A 1964, shekara bakwai bayan rasuwar Graham, babban jami'in lafiya na gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar a hukumance cewa sigari na haddasa sankarar huhu, kuma binciken 1950 na cikin hujjojin da rahoton ya dogara da su.